Jera mosfet biyu don yanke wutar sola mai bolt 700: a duba lissafin tukuna

Tambayar ta zo ne daga wani mai gyaran inbata da rediyo a wani ƙauye na ƙasar Ringim. Ga abin da ya ce: "Assalamu alaikum Injiniya. Manoman rani na garinmu suna da rijiyar burtsatse mai sumo na layi uku. Fanel 14 na wat 550 aka jera mata, a bayan kowanne an rubuta bolt 49.5 da amfiya 13, na auna da hantsi na samu wajen bolt 650. Suna so in haɗa musu abin da zai yanke wutar fanel da kansa idan tanki ya cika. Ina da IRFP460 da yawa da na ciro daga tsofaffin kaya, kowanne bolt 500 ne. In na jera biyu, ba zan samu 1000 ba? In kuma ya yi aiki, zan iya yin haka a cikin inbatar famfon ranar da IGBT ɗinta suka ƙone?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, sannu da ƙoƙari, kuma madalla da ka tambaya kafin ka ɗora ayan a kan allo. Ana jera tiransistoci masu aikin makunnin wuta, irin mosfet ɗinka IRFP460 da IGBT, don su riƙe wutar da ɗaya ba zai iya ba, har wasu manyan layukan wuta na duniya da wannan dabara suke aiki. Sai dai 500 da 500 ba sa zama 1000 don kawai ka haɗa sos ɗin na sama da diren ɗin na ƙasa (sos da diren su ne ƙafafun mosfet biyu da wuta ke bi ta cikinsu). Dole ka tilasta musu su raba nauyin, kuma kayan tilastawar sukan fi tiransistocin kansu tsada da wahala. A aikin da ke gabanka ban ga dalilin bin wannan hanya ba. Zan nuna maka da lissafi, don in wani aikin ya zo maka gobe wanda jerawar ta dace da shi, ka san inda ake kamawa.

Mu fara gyara lambar da za mu yi aiki da ita. Bolt 650 da ka gani na fanel ne da ya riga ya ɗauki zafi. Abin da ke rubuce a bayansa an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma 49.5 sau 14 ya ba ka 693. Fanel kuwa duk lokacin da ya yi sanyi bolt ɗinsa hawa yake, kusan kashi 0.3 cikin ɗari a kan kowane digiri. Da safiyar hunturu a Jigawa, lokacin da mutum ke neman wuta ya ji ɗumi, sai ka ƙara kashi 4 cikin ɗari a lissafi, ka tashi da wajen 720. Wannan ita ce lambarka, ba 650 ba. Sannan babu mai hankalin da ke ɗora wa tiransista duk abin da aka rubuta a jikinsa. Ana tsayawa ne a kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, saboda tsallen da wuta ke yi a doguwar waya lokacin yankewa, da kuma tsawa a damina. Ke nan IRFP460 biyu, ko sun raba daidai wa daida, abin da za ka amince musu da shi bai wuce 600 zuwa 700 ba. Tun kafin a je ko'ina ka ga biyu sun yi kaɗan, sai uku. Duk wahalar da zan lissafa a ƙasa kuwa ƙaruwa take idan aka koma uku.

Ka san ƙofofin ruwa na kanal irin na Kadawa ko na wajen Auyo. A ce an sa ƙofa biyu a jere a kan gangare, da nufin kowace ta tare rabin nauyin ruwan. Babu ƙofar da ba ta yoyo. Idan ta sama ta fi yoyo, ruwa zai yi ta taruwa a tsakaninsu har ya cika, sai nauyin duka ya koma kan ta ƙasa. Idan ta ƙasa ce ta fi yoyo, tsakiyar ta tsiyaye, ta sama ta ɗauki komai. Haka mosfet biyu suke a kashe. Kowanne yana da ɗan yoyon wuta, kuma ba za ka samu biyu masu yoyo iri ɗaya ba ko daga kwali ɗaya ka ciro su, balle naka da ka tsinto daga kaya daban-daban. Wanda ya fi riƙewa shi ne ke shan wahala. Takardar masana'anta ta IRFP460 ta ce yoyon bai wuce maikuro-amfiya 25 ba a digiri 25, amma yana iya kai 250 idan cikinsa ya kai digiri 125. Wato zafi kaɗai ya isa ya ninka shi sau goma, kuma na kusa da fanka da na nesa ba za su yi zafi ɗaya ba.

Maganin wannan sananne ne: ka ɗora rizista a kan kowane tiransista, daga diren zuwa sos, masu ƙima ɗaya, ta yadda wutar da ke bi ta cikinsu za ta ninka yoyon kamar sau goma. Lissafin ba shi da wuya, bambancin bolt tsakanin biyun shi ne ƙimar rizista sau bambancin yoyo. In ka sa megom ɗaya, wato om miliyan ɗaya, don gudun zafi, kuma bambancin yoyo ya kai maikuro-amfiya 250, bambancin zai zama bolt 250: ɗaya na riƙe da 485, ɗayan 235. Ba ka yi komai ba ke nan. In ka sauko kilo-om 141, wato 47k guda uku a jere, bambancin ya koma bolt 35 kacal. Kowane jeri zai riƙa cin kusan wat ɗaya, don haka ka sa masu wat ɗaya ko biyu. Dalilin jera uku maimakon ɗaya babba shi ne, ƙaramar rizistar nan ta kwata-wat ba a yi ta don ta wuce bolt 250 ba, ko da ba ta yi zafi ba wuta na iya tsallaka jikinta. Ka kuma auna su da mita ka zaɓi masu kama da juna, don masu zoben zinariya suna iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari.

Abu biyu ka riƙe a nan. Na farko, mitarka na iya yi maka ƙarya. In babu waɗannan rizistoci ka ɗora mita a kan ɗaya daga cikin tiransistocin, ita kanta mitar ta zama rizista a wurin, megom 10 in mai kyau ce, megom ɗaya in irin 'yar rawayar nan ce ta kasuwa, sai ta janye bolt ɗin zuwa ɗayan. Ka auna na sama ka ga kaɗan, ka auna na ƙasa ka ga kaɗan, ka ce lafiya lau. Na biyu ya fi muhimmanci: rizistocin suna barin wajen mili-amfiya biyu da rabi su wuce ko da an kashe. Wannan ya isa ya cika kafasitocin inbata a hankali har su kai abin da zai kashe mutum. Makunnin tiransista ba ya raba mutum da wuta. Kada wani ya ce tanki ya cika, famfo ya tsaya, ya sa hannu.

Wannan duka shi ne ɓangare mai sauƙi. Wahalar tana wajen get, ƙafar da ake ba mosfet umarnin buɗewa da rufewa ta cikinta.

Mosfet ba ya kallon bolt ɗin get ɗinsa daga ƙasa, daga sos ɗinsa yake kallo. Yana fara buɗewa tsakanin bolt 2 da 4, yana son 10 zuwa 15 kafin ya buɗe sosai, in ya haura 20 kuma siririn rufin da ke cikin get ɗin ya huje, shi ke nan. Na ƙasa ba shi da matsala, sos ɗinsa a zaune yake. Na sama kuwa sos ɗinsa yana kan tsakiya, wurin da yake sifili idan an kunna, ya koma 360 idan an kashe. Saboda haka ba za ka taɓa haɗa get biyun da waya ɗaya ba, nan take za ka ji ƙara. Kowanne sai da direbansa, wato abin da ke tura masa get, da wutarsa ta bolt 15 wadda ba ta haɗa jiki da komai ba. Na san za ka tuna da direban IR2110 tunda kana ganinsa a inbatoci. Bai dace da nan ba: iyakarsa 500, kuma ɗan kafasitan da yake ɗaukar wutar get na sama da shi sai ana kunnawa ana kashewa a kai a kai yake cika, ba zai riƙe famfo a kunne daga safe zuwa la'asar ba. Abin da aka saba shi ne ofto (abin da ke miƙa umarni ta hanyar haske) mai ƙarfi irin TLP250 a kan kowanne, ko ƙaramar taransifoma mai naɗi ɗaya na shiga da naɗi biyu ko uku na fita. Taransifomar ta fi iya sa su motsa tare, amma ba ta wuce da wutar da ke tsaye, sai ka riƙa sara mata wuta da sauri kana miƙar da ita da dayod a ɗaya gefen. Ƙananan akwatunan nan masu raba wutar bolt 12 zuwa 15 kuma, bolt 1000 ko 1500 da aka rubuta musu na gwajin ɗan lokaci ne, ba na zama a kai kullum ba.

Ko ka yi duk wannan, ba za su motsa a lokaci ɗaya cif ba. TLP250 kan ɗauki wajen nanosakan 150 kafin umarni ya fita, amma masana'anta ta yarda ya kai 500. Nanosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan, kamar ba komai ba. To amma a inbata bolt ɗin diren yana iya hawa da biyar a kowane nanosakan. In ɗaya ya riga ɗan'uwansa rufewa da nanosakan 100 kacal, ya ɗauki 500 shi kaɗai kafin ɗayan ya farka. Wajen kunnawa kuma akasin haka ne, wanda ya makara shi ke ɗaukar duka. Rizistocin 47k ba su da abin cewa a wannan sauri. Har ƙarfen sanyayawa yana sa baki: bayan IRFP460 diren ne, in ka ɗaura su a alminiyam ɗaya da maika mai hana wuta wucewa a tsakani, kowanne ya samu ɗan kafasita ɓoyayye zuwa ƙarfen, kuma ba iri ɗaya suke jan wuta ba tunda ba a tsayi ɗaya suke ba.

A aikinka na tanki, yankewar ma ba ita ce abin tsoro ba. Lokacin da famfo ke aiki kafasitocin inbata suna kan wajen bolt 580, in ka yanke, fanel ya hau 690, abin da ke kan makunnin da farko ɗari da 'yan kai ne, sai ya riƙa ƙaruwa a hankali. Haɗarin yana wajen kunnawa, lokacin da kafasitocin suka sauke. In na ƙasa ya buɗe na sama bai buɗe ba, na saman zai ga 700 shi kaɗai. Mosfet yana da wata juriya da IGBT da tsofaffin tiransistoci ba su da ita sosai: in bolt ya wuce iyakarsa yakan ɓalle ya bar wuta ta wuce kamar dayod ɗin zena, ya kuma rayu in abin bai daɗe ba. Wannan ne ke sa gwajin kan tebur ya yaudari mutane, su ce ai mun jera ya yi aiki. Amma duba: a ce ya ɓalle a 550, fanel na turo amfiya 13, wat dubu bakwai ke nan a cikin abin da bai kai farcen yatsa ba. In makarar ta nanosakan 300 ce zai sha. In ka yi amfani da ƙaramin ofto irin PC817 da babbar rizista, makarar ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan, jul bakwai ke nan, alhali abin da IRFP460 na asali ke iya haɗiyewa sau ɗaya bai cika jul ɗaya ba, shi ma in a sanyaye yake. Kuma tiransista in ya mutu, shot yake yi, wato ya zama waya. Da na sama ya tafi, 700 ta sauka kan na ƙasa, ya bi shi. Ba a rasa ɗaya a jeri, duka ake rasawa, wani lokaci har da direba.

Don rage wannan ake ɗora sinoba a kan kowanne, wato kafasita da dayod mai sauri da rizista. Kafasitan yana rage gudun hawan bolt. Da nanofarad 10 da amfiya 13, hawan ya koma 1.3 a nanosakan, makarar nanosakan 100 ta zama bolt 130 maimakon 500. Kuɗin da za ka biya shi ne, duk kunnawa ɗaya abin da kafasitan ya tara sai ya ƙone a rizista. A makunnin da ke motsi sau biyu ko uku a yini wannan ba komai ba ne. A inbatar da ke sara wuta sau dubu 10 a sakan kuwa, wat shida da rabi ne a kan kowane tiransista. Ana kuma sa dayod ɗin TVS, mai datse tsallen bolt, a kan kowanne ya zama shinge. A nan ma za ka ga yadda filin ya ƙuntata: TVS mai lamba 1.5KE400A tana fara buɗewa tsakanin 380 da 420, in wuta mai yawa ta bi ta kuma takan haura 540. Kai kana zaune a 360, iyakarka 500. Ta ƙasa da ita za ta riƙa yoyo tana zafi, ta sama da ita ba za ta kare komai ba. Ƙwararru sukan haɗa TVS ɗin daga diren zuwa get ta cikin dayod, yadda in bolt ya yi yawa tiransistan zai ɗan buɗe da kansa ya sauke nauyin. Dabara ce mai kyau, amma ba a saita ta da ka, sai da sikof, na'urar da ke nuna siffar wuta a allo.

Akwai wata hanya da nake so ka sani, don ita ce mafi arha kuma tana da wurin da take haskawa. Na ƙasa kaɗai ake ba umarni. Get ɗin na sama ana ciyar da shi daga layin fanel ta manyan rizistoci, a sa zena ta bolt 15 tsakanin get da sos, sannan a ɗaure get ɗin da TVS zuwa layin ƙasa. In na ƙasa ya buɗe, ya janyo sos ɗin na sama ƙasa, sai na saman ya bi shi ya buɗe. In ya rufe, tsakiya ta hau har ta cimma get ɗin da TVS ta riƙe, na sama ya rufe da kansa ya ɗauki ragowar. Kamfanin Power Integrations yana kiran tsarinsa na irin wannan StackFET, ana amfani da shi a ƙananan wutar cikin mitocin layi uku. Ka lura da kalmar ƙananan: wat kaɗan ne. Get ɗin IRFP460 yana buƙatar har nanokulom 210 kafin ya cika, in ta megom ɗaya kake ciyar da shi zai ɗauki wajen maikurosakan 300, yana rabi buɗe rabi rufe da amfiya 13 a jikinsa. Shi ya sa ake ƙara kafasita a kan TVS ɗin don ya tura get da sauri. In wata rana kana son ciro bolt 12 na fanka ko na allon sarrafawa kai tsaye daga fanel masu 700, wannan hanyar ce taka. Ta ɗaukar wutar famfo gaba ɗaya, a'a.

Yanzu ga abin da ya kashe maganar a wurina, ko da an warware duk na baya: zafi. IRFP460 a buɗe yana da om 0.27 a sanyaye, in ya yi zafi ya kusan ninkawa. Amfiya 13 sau 13 sau 0.27 wat 45 ne, da zafi ya doshi 85, a kowanne. Biyu 170, uku sun haura 250, rabin fanel guda ke nan kana ƙonawa a cikin akwati. Amfiya 20 da ka sani a kansa kuma sai jikinsa na digiri 25 ne, a digiri 100 takardar ta ce 13, daidai abin da kake son ɗora masa. Ka tuna akwatin nan a bakin gona zai zauna, a watan Afrilu, inuwa kanta ta haura digiri 40, ga ƙura ta toshe fanka. Kwatanta da IGBT guda ɗaya mai bolt 1200, irin FGA25N120 da ake samu a murhun lantarki na indakshan: faɗuwar bolt a kansa wajen 2 ce, wat 25 zuwa 30 ke nan a amfiya 13, direba ɗaya, babu rabon nauyi, babu makara. Mosfet ɗin silikon-kabaid mai 1200 da mili-om 80 ya ma fi shi sanyi. Kada kuma ka ce bari in ɗauko BU508A na tsohuwar talabijin tunda an ce 1500: wannan lambar sai bes ɗinsa na ɗaure da emita, in ba haka ba 700 ne, amfiyarsa 8, kuma irinsu ba sa yafe zafi da bolt a lokaci ɗaya.

Tambayarka ta biyu kuwa amsarta a'a ce kai tsaye. Inbatar sumo mai layi uku tana da makunni shida, jerawa na nufin goma sha biyu ko sha takwas, kowanne da direbansa. Sinoba kaɗai za ta ci wajen wat 80. Dayod ɗin da ke cikin jikin IRFP460 yana da nawa wajen rufewa, a gada irin wannan kuwa shi ma kashe tiransista yake. Allon inbatar an zana shi ne a kan saurin IGBT ɗin da ya zo da shi, har da ɗan jinkirin da ake bari tsakanin na sama da na ƙasa. In sun ƙone ka nemi lambarsu ko makamanciyarta mai 1200, ka kuma duba direbobin da rizistocin get kafin ka sa sabo, don yawanci tare suke tafiya.

Masu jerawa da gaske dole ce ta sa su. IGBT mafi girma da ake sayarwa a kasuwa bolt 6,500 ne, tairista, wani irin makunnin, kuma wajen 8,000, alhali layin da ya taso daga madatsar Cahora Bassa ta Mozambik zuwa kusa da Johannesburg yana aiki da bolt dubu 533, na Inga zuwa Kolwezi a Kwango kuma, mai tsawon kilomita 1,700 da aka buɗe a 1982, dubu 500. Babu yadda za a yi sai an jera ɗaruruwa. A 1997 kamfanin ABB ya gwada irin wannan da IGBT a Hällsjön ta ƙasar Suwidin. Amma kowane ɗaya a jerin yana da rizistarsa da sinobarsa da allon da ke sa masa ido, umarni ta zaren haske yake zuwa, ana kuma ƙara wasu fiye da buƙata, an ƙera su yadda in ɗaya ya mutu zai zama waya sauran su ci gaba har ranar gyara. Duk da haka injiniyoyi sun yi ta neman hanyar kauce wa jerawa kai tsaye. A 1981 wasu Japanawa uku, Nabae da Takahashi da Akagi, suka wallafa tsarin inbata mai hawa uku, inda ake raba wutar da manyan kafasitoci biyu, a ɗaure tsakiyar tiransistocin da dayod zuwa tsakiyar kafasitocin, kowanne ba ya ganin fiye da rabi. Da yawa daga inbatocin sola masu karɓar bolt 1000 da tiransistocin 650 suke aiki ta wannan hanya. Ka ga su ma ba sa dogara da sa'a.

To me za ka yi wa manoman? Kafin komai buɗe murfin inbatar ka duba jerin ƙananan sukurorin da ke ƙasan allo, ka kuma duba littafinta. Mafi yawan inbatocin famfon sola suna da wurin ɗaura fulot, makunnin da ke yawo a kan ruwa, na tanki da na rijiya, da wuta 'yar kaɗan suke aiki. Fulot ɗaya da waya mai jijiya biyu sun gama aikin: tanki ya cika inbata ta sassauta ta tsayar da sumo a hankali, ruwa ya sauka ta tashe shi. Wannan ya fi wa famfon da bututun lafiya a kan fizge wuta, kuma yawan cika kafasitoci daga sifili yana rage musu kwana. In wayar za ta yi nisa ka bi da ita ta cikin bututun roba, nesa da wayar sumo, don kada ta ɗauko hayaniya inbata ta riƙa tsayawa ba dalili.

Don gyara da wanke fanel kuma a sa makunnin hannu na DC wanda aka rubuta masa bolt 1000. Kada a sa bireka ta wutar NEPA. Wutar gida tana ratsa sifili sau 100 a sakan, tartsatsin ya mutu da kansa, ta fanel kuwa ba ta da wannan hutu, in ta kama sai ta narkar da robar. In ka duba makunnin DC mai kyau za ka ga bakuna huɗu ne aka jera da 'yan gadoji, kada ka cire su ko ka sauya musu tsari, kuma ka bi alamar fulos da mainos in an sa.

In kuma kana son koyon jerawar don kanka, ka koya a ƙaramar wuta. Ɗauki IRF640 biyu masu bolt 200, ka miƙar da wutar janareta da gadar dayod ka samu wajen 310, ka sa kwan fitila mai wat 100 guda biyu a jere su zama lodi, su ne za su hana abin fashewa in an yi kuskure. Gwada da rizistocin rabo da kuma babu su, ka ɗumama ɗaya da ayan ka ga yadda tsakiya ke gudu. Bolt 310 ma kisa take, saboda haka hannu ɗaya a aljihu, takalmin roba a ƙafa, a kuma sauke kafasita da rizista a auna kafin a taɓa. In ka samu aron sikof, kada ka maƙala wayar ƙasansa mai bakin kada a tsakiyar jerin, kuma furob na yau da kullum ba na 700 ba ne. Allon nan mai ramuka ma bai dace da wannan wuta ba, tazarar layukansa ba ta kai milimita ɗaya ba. Ka bar aƙalla milimita 8 zuwa 10 tsakanin duk wurare masu bambancin ɗaruruwan bolt, ka shafa banish, ka toshe ramukan akwatin da raga, don ƙurar hunturu in ta sha laimar damina hanya ce ga wuta, tsaka da cinnaka ma haka. Kayan da za ka saya a Sabon Gari kuma, musamman masu 1200, ka gwada su da mega, mitar gwaji mai babban bolt, kafin ka sa, don akwai waɗanda aka goge aka sake bugawa lamba. Turo min lambar inbatar da hoton sukurorin, in nuna maka inda fulot ɗin zai shiga.